Birkinka da Ya Lalace a Baure

Daura, Litinin bayan la'asar.

Zuwa ga Nu'uman, sanyin idona, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, shamuwata mai kawo bushara, gawon da na zaɓa na jingina da shi a cikin dukan itatuwan ƙasar nan. Likitan shanun Baure da kewaye, mai babur ɗin da ya fi kowane babur a masarautar Daura sanin ranar da ya kamata ya lalace.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, shanu kuma suna karɓar allurarsu ba gardama. Umma tana gaishe ka. Baffa Ɗantsoho bai ce in gaishe ka ba, ni kuma ba zan ƙirƙira masa gaisuwa ba, don ƙirƙira ta yi mana yawa a makon nan.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da waya take aljihun kowa. Na gwada wayar, ba ta yi mini ba, kuma laifin muryarka ne. Sai in jera tambayoyina tsaf kamar yadda nake jera wa 'yan ajina na jarrabawa, ka ɗauka ka ce "Raihana" da muryar nan taka mai kama da ruwan randa a tsakar ranar bazara, su watse kamar tattabarun da aka jefa wa tsakuwa. In kashe wayar ina murmushi, sai can in tuna ko ɗaya ba ka amsa ba. Takarda ba ta da murya. Yau kai za ka saurara.

Ina kewarka. Bari in fara da wannan, kada ka ce ban faɗa ba. Ina kewarka yadda gero ke kewar ruwa idan sama ta yi kwana goma tana haɗa hadari yana watsewa! Duk babur ɗin da ya shigo layinmu sai kunnena ya tashi, alhali na san ƙarar naka a cikin ɗari, na san ɗan tarin nan da yake yi idan ka rage giya a kwanar masallaci. Wace irin mace ce mai digiri za ta ajiye makin yara a tsakiya ta leƙa taga don ɗan acaɓa ya wuce? Ni ce. Jiya sau uku na yi. Ka ga ke nan ba rashin so ne ya sa na ɗauki biro ba. Da ba na sonka, da na bar ka da birkinka na ci gaba da harkokina.

Juma'ar da ta wuce ita ce ranar da ka ce manyanka za su zo gidanmu tambayar aurena. Kai ka zaɓe ta, ba ni ba. Umma ta share soro da kanta, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa sabuwar tabarmar da take ɓoyo tun Sallah, ta dama fura da nonon da ta aika aka nemo mata takanas. Baffa Ɗantsoho, wanda shi ne uba a gare ni tun rasuwar Baba, ya rufe gareji tun hantsi. Ya sa babbar rigar da ba ya sawa sai ɗaurin aure. Ya zauna ya wanke baƙin man da ke ƙarƙashin farcensa da kalanzir har fatar ta yi fari-fari, abin da ko ranar Sallah ba ya yi. Ya gayyaci limamin unguwa da maƙwabta biyu. Suka zauna daga saukowa masallaci har la'asar, daga la'asar har rana ta yi ja. Furar ta yi tsami. Liman, Allah ya saka masa, sau biyu yana ba da labarin aikin hajjinsa don ya rufe mana shirun.

Ni ina ɗaki da lalle a hannu, sai ga saƙonka: "Ki yi haƙuri hasken raina, birkin baya ya daina kamawa, batir ya mutu murus, Kalilu bakanike kuma ya tafi ta'aziyya. Na rasa yadda zan yi."

Sau bakwai na karanta shi. Ya muradin zuciyata, a cikin duk uzurorin da ke duniya, ga ciwon ciki, ga ambaliya ta cinye hanya, ga saniyar ardo ta kasa haihuwa, me ya kai ka zaɓar wannan? Ka manta wa kake rubuta wa ne?

Ko ka manta Dutsi? Ni ban manta ba. Shekara biyu ke nan. Ina can ina koyarwa, baƙuwa, kai ma baƙo, an turo ka allurar shanu. Na taso daga makaranta da rana tsaka, na gan ka a gindin tsamiyar bakin hanya kana danna sitata kamar mai neman gafara, babur ɗin ya yi ƙyat, ƙyat, ya yi shiru. Farar rigarka ta jiƙe sharkaf. Akwatin maganin allurar yana ɗaure a baya, ƙanƙarar ciki tana narkewa tana ɗiga ƙasa, kana kallon ɗigon kamar jininka ne ke zuba. Na wuce ka da taku biyar, sannan jinin Baba ya juyo da ni. Na ce, "Malam, ko makulli ka bari a kunne?" Ka dube ni daga hijabi har takalmi, ka ce, "Malama, ai wannan aikin maza ne." Na ce, "Ga shi kuwa ya gagari namiji."

Na buɗe murfin gefe. Kan batir ɗin ya yi farin gari kamar an barbaɗa masa kanwa. Na roƙi ruwan zafi wajen mai shayin da ke gefe, na wanke, na kankare, na ɗaure wayar tamau. Sannan na nuna maka kiki, ƙarfen nan da shekara guda kana hawa a kansa ba ka taɓa takawa ba. A bugu na uku babur ya tashi. Har za ka hau na taka birkin baya, ya tafi ƙasa salin-alin bai kama komai ba. Na ce da wannan kake yawo cikin shanun mutane? Na ciro sifanar Baba daga jakata, mai lamba goma sha huɗu, wadda nake yawo da ita tun rasuwarsa yadda wasu ke yawo da hoton mamacinsu. Na durƙusa a cikin ƙura na juya notin da ke ƙarshen sandar birkin sau huɗu. Mai shayi ya ajiye ludayinsa ya ce, "Likita, ka aure ta kawai ka huta da gareji!" Kai ka yi dariya. Ni na yi kamar ban ji ba, amma har na kai gida kunnuwana zafi suke yi.

Wayyo wannan rana! Tsamiya tana zubo mana 'yan furanninta, iska tana kawo ƙamshin hadarin da bai iso ba, kai kuma kana tsaye da baki buɗe kamar wanda ya ga wata da rana. Ka sha faɗa mini cewa a nan ka fara sona, a daidai lokacin da ka ga baƙin mai a gefen hijabina. Na yarda da kai. Har yanzu ina so in ci gaba da yarda. To amma ka dubi girman Allah, mutumin da aka koya wa gyaran birki da tayar da mataccen batir a ranar da ya fara soyayya, shi ne zai aiko wa malamarsa cewa ya rasa yadda zai yi?

Mu fara da batir, ya tauraron asubahina. Batir idan ya mutu yana ɗauke maka sitata, ya raunana hon, sigina ta daina ƙiftawa. Ba ya hana irin babur ɗinka tafiya. Kiki yana nan. Idan kikin ya ƙi, ka sa giya ta biyu, ka riƙe kuloci, a tura ka, ka saki. Ban yi zaton Baure ta rasa majiya ƙarfi biyu da za su tura likitan da ke ceton shanunsu ba. Wannan darasi ne da nake koya wa 'yan mata masu shekara goma sha biyar a allo, kuma suna cinye shi.

Sai birki. A nan ne abin ya taɓa ni. Mako shida da suka wuce, kafin ka tafi, wa ya canza maka shu, wato takalmin birkin tayar baya? Ni ce, a soron nan namu, Baffa yana zaune a kan benci yana yi mini gyara da baki, kai kana riƙe da tayar kamar mai riƙe jaririn da ba nasa ba. Sabbi fil na sa maka. Na goge cikin tayar da sanfefa, na gwada sifirin biyun da yatsana, na ɗaure noti, na sa ka zagaya layi sau biyu ka taka ina kallo. Shu sabo ba ya cinyewa a mako shida, ko da kullum daga kan tsauni kake gangarowa, balle a ƙasar da take shimfiɗe kamar tabarma. Saboda haka abu biyu ne: ko aikina ne bai yi ba, ko maganarka.

Sai Kalilu, Allah ya jiƙan wanda ya je wa ta'aziyya. Ashe duk faɗin Baure shi kaɗai ne ya iya riƙe sifana? Kuma ko an ce babu bakanike ko ɗaya, motar Hamma maƙwabcinmu kullum da safe tana tasowa daga can da fasinja. Ɗazu na haɗu da shi a ƙofar gida, ya fara cewa, "Af, Malama, ai kuwa ranar Asabar na hango Likita a kan…" Na tare shi da tambayar jikin mahaifiyarsa. Ban bari ya ƙarasa ba. Ba na so in ji labarinka a bakin direba. Ka ga irin mutuncin da nake tsare maka, kai da ka bar furar Umma ta yi tsami?

Duk wannan da na jero, ya ruwan sanyin ƙishina, wasa ne a kan abin da zan faɗa yanzu.

Da baƙi suka watse ranar Juma'a, na tsaya a bakin ƙofar soro na karanta wa Baffa saƙonka, ina ta ƙoƙarin sa masa murya mai ban tausayi. Bai yi faɗa ba. Ya cire babbar rigarsa yana ninkewa a hankali, ya ce, "Raihanatu, ni dai tun da nake ban taɓa ganin yaro ya zo tambayar aurensa da kansa ba. Shi yana Baure, mun ji, Allah ya kiyaye gaba. To su baffansa Malam Sha'aban da suke nan bayan Kusugu, su ma birkinsu ne ya lalace?"

Ni da nake taƙama da lura, ni da na gama lissafin batir da shu a kaina, ban hango wannan ba sai da tsoho ya nuna mini. Ai ba a jiran ka ranar nan, Nu'uman! Ba kai ake shimfiɗa wa tabarma ba. Ko kana Daura, gida za ka zauna kana juyi kamar yadda nake juyi, manya su je su dawo maka da labari. Ƙanin mahaifinka ne zai zo da mutanensa da goronsa. Daga ƙofar Malam Sha'aban zuwa tamu, tsohuwa mai sanda ma za ta iso kafin shayi ya huce. Ka ba da uzurin rashin zuwa wurin da tun asali ba a gayyace ka ba. Kuma wayar da ta iya kawo mini "hasken raina" ai za ta iya kai wa baffanka "kada ku manta yau ce".

Ban gama haɗiye wannan ba, sai Asabar ta zo da nata. Malam Sha'aban da kansa ya turo babur ɗinsa garejin Baffa, fulogi ya ƙone. Ya zauna a benci rabin awa. Suka yi hirar taki, suka yi hirar ruwan bana, suka yi hirar tsutsar da ta shiga wake. Bai ba da haƙuri ba, bai sunkuyar da kai ba, bai yi kama da mutumin da ya san an jira shi jiya ba. Da Baffa ya gaji, sai ya ce masa, kamar ba komai, "Ya labarin ɗanku Nu'umanu?" Ka san abin da ya ce? Ya ce, "Yana can Baure wajen shanu. Yaron kirki ne wallahi, sai dai har yau ya ƙi kawo mana maganar aure, mun yi fama har mun gaji."

Baffa ya ɗaura masa fulogi ya sallame shi. Da ya shigo gida bai ci tuwo ba.

Ba ka faɗa musu ba. Ka sa mana rana, ka bar uwata ta share soro, kuma babu ko mutum ɗaya a gidanku da ya san da maganar aurenmu. Wannan kam ya wuce zargi. Abin da ya rage mini in zarga shi ne dalili, kuma kwana biyu ke nan ina juya shi kamar mai gasa masara.

Na fara da zargin da ya fi sauƙi, na wata a Baure. Na zana ta a raina, doguwa, mai wushirya, mai kawo maka nono a ƙwarya, ba ta san bambancin fulogi da noti ba, kuma ba ta taɓa gyara maka magana ba. Na ji kishinta na kusan awa guda, har na ji daɗin abin, don irin wannan ciwon kowa ya san sunansa. Sannan na sallame ta. Kai da ka kasa shirya ƙarya ɗaya ta tsaya da ƙafarta, ina za ka iya riƙe mata biyu?

Sai na tuna bikin abokinka a watan jiya na Shawwal. Ka gabatar da ni ga matar yayanka ka ce, "Malama Raihana ce, kimiyya take koyarwa." Ta ce, "Masha Allah, 'yar gidan wa ce?" Ka yi ɗan tari, irin na babur ɗinka a kwana, ka ce, "Mahaifinta ɗan kasuwa ne, ya rasu." Na ji. Ina kallon zanen tabarma amma na ji. A lokacin na yi maka uzuri, na ce hayaniya ce ta ruɗe ka. Baba bai taɓa sayar da ko allura ba. Sunansa Hafizu bakanike, na bakin tasha. Shekara talatin yana durƙushe a gaban baburan mutane, da wannan durƙuson ya kai ni jami'a, kuma rabin malaman unguwarku a kan aikin hannunsa suke zuwa wa'azi ƙauye su dawo lafiya.

Shi ne abin, ko ba shi ba? Kana tsoron ka durƙusa gaban mahaifinka Malam Maharazu, a zauren da littattafai suka kai rufi, ka ce wadda kake so 'yar bakanike ce, ta kusa talatin, ta yi boko mai zurfi, kuma idan babur ya lalace ba ta kiran namiji. Baƙin man da ka ce shi ya sace zuciyarka a Dutsi, shi kake so ka wanke kafin ka shigo da ni Daura. A bakin hanya, inda ba wanda ya san mu, abin sha'awa ne. A bayan Kusugu kuma abin kunya.

Na kira ka gawo a farkon takardar nan, ba don daɗin baki kawai ba. Ka san halinsa. Da rani, lokacin da kowace bishiya ta kakkaɓe, shi ne kore shar, shanu da mutane suna hutawa a ƙarƙashinsa. Haka ka zame mini a Dutsi, ina baƙunta, ina makokin Baba, ba ni da kowa. Amma da damina ta sauka, kowa ya yi ganye, ana shirin girbi, sai ka ga gawo tsaye tsirara ba ko inuwar da kaza za ta fake. Yanzu damina ce, masoyina. Na ɗaga kai ina neman ganye.

Kuma duk da haka, ka ji wautar zuciya! Wallahi na fi so a ce ni ce na yi kuskure. Na fi so a ce hankalina ne ya rabu biyu ranar nan saboda kana tsaye kusa da ni, na bar sifirin bai zauna ba, ko giris ya taɓa fuskar shu ɗin ban gani ba. Na fi so a ce ka faɗa wa Malam, shi ne bai kai ga sanar da ƙaninsa ba. Ni da ban taɓa yarda an kushe aikina ba, yau addu'a nake Allah ya sa aikina ne ya ɓaci. Wace irin ƙauna ce wannan, da take sa 'yar Hafizu fatan a ce ba ta iya ɗaura birki ba? Me ka yi mini ne, Nu'uman? Da wane ruwa ka shayar da ni a gindin tsamiyar nan?

To ga abin da na yanke. Hamma zai ba ka takardar nan gobe da safe tare da ƙunshi. A ciki akwai shu sabbi guda biyu, da 'yar sanfefa, da sifanar Baba. Sauran sifanun da za ka buƙata suna cikin jakar kayan da ke ƙarƙashin murfin gefe, inda na sa maka su, in ba ka taɓa buɗewa ba.

Ka kafe babur ɗin a kan babban jak, a inuwa, a ƙasa mai tauri. Ka kwance notin sandar birki da sifanar Baba, ka ajiye shi a aljihu, kada ka ajiye a yashi. Ka kwance babban notin tayar, ka zare ƙarfen da ya ratsa ta, ka janyo tayar a hankali. Farantin da ke gefe zai fito da shu biyu a jikinsa, sifirin biyu suna riƙe da su. Ka naɗe su ciki kamar kana rufe littafi, za su fita. Ka busa ƙurar, ka kau da fuskarka, ka goge cikin tayar da sanfefa. Ka haɗa sababbin da sifirin tun a hannu, ka buɗe su a kan farantin. Kada mai ko giris ya taɓa fuskarsu ko kaɗan. Ka mayar da komai yadda ka same shi, ka ɗaure notin sandar har sai birki ya kama tun kafin ƙafarka ta yi nisa, amma taya tana juyawa sakayau idan ka saki. Batir kuwa, ruwan zafi a kansa, ka kankare, ka ɗaure, ka buga kiki. Ka yi tafiyar rabin awa fitila a kashe, zai farfaɗo. Ka ga, ko Kalilu ya zarce sadakar arba'in, ba ruwanka.

Sannan ka kawo mini tsofaffin.

A garejin Baba akwai ƙa'ida: duk abin da aka cire daga babur, a hannun mai shi ake sawa, ya gani da idonsa cewa ba a cuce shi ba. Kuma duk shu ɗin da Baba ya ɗaura sai ya yi masa tsaga uku da magagari a gefe, don in an dawo da ƙorafi ya san nasa ne ko ba nasa ba. Ni ma na yi wa naka, kana can kana amsa waya ba ka lura ba. Don haka kada ka wahalar da kanka wajen tsinto wasu cinyayyu a bolar gareji. Nawa nake so, masu tsaga uku. Idan na ga sun cinye, ko sun sha mai, ko sifirin ya karye, zan durƙusa a gabanka in nemi gafarar rabin takardar nan, kuma zan yi da farin ciki. Idan kuwa suna nan garau kamar ranar da na sa su, ka kawo su a hakan, ka sa mini a hannu ka dube ni. Zan iya zama da namijin da tsoro ya taɓa kamawa ya faɗa. Wanda ba zan iya zama da shi ba shi ne wanda kullum zan riƙa kwance tayarsa don in san gaskiya.

Ɗaya rabin takardar kuwa ba shu ne zai goge shi ba. Baffa ya ce zai sake shimfiɗa tabarmar nan sau ɗaya, Juma'ar nan mai zuwa, saboda ni, ba saboda kai ba. Ya ce bayan ita ko Umma ta roƙe shi ba zai sake wanke farcensa don mutanen gidanku ba, ni kuma ba zan roƙe shi ba. Kana da Laraba da Alhamis. Ka zo Daura, ka shiga zauren Malam, ka faɗi sunana da sunan ubana da sana'arsa, duka ukun, da muryar da na baya zai ji. Idan ya ƙi, ya ƙi. Wannan wata magana ce, za mu san yadda za mu bi da ita tare, kuma ina da haƙurin da ba ka sani ba. Amma a ƙi ni a matsayin 'yar Hafizu bakanike ya fi mini a karɓe ni a matsayin 'yar wani ɗan kasuwar da ba a taɓa haifa ba.

Ya sanyin idona, ya inuwata ta rani, ka zo. Ka zo in ji tarin nan a kwanar masallaci, in ajiye makin yara in leƙa taga, wannan karon ya zama kai ne. Gero ya fitar da kai a gonakin hanyar Baure, zai yi maka rakiya dama da hagu. Ka taho a hankali, ka gwada birkin tun kafin ka hau kwalta. Ban taɓa son wani kafin kai ba, kuma na duba zuciyata da irin duban da nake wa inji, ban ga alamar za ta iya son wani bayanka ba. Ko ka zo ko ba ka zo ba, wannan ba zai canza ba, kuma ba abin alfahari ba ne a wurina, gaskiya ce kawai.

Idan kuma ka karanta duk wannan ka ga ba za ka iya ba, kada ka rubuto, kada ka kira, kada ka nemo wani sabon abin da ya lalace. Ka ba Hamma sifanar ya dawo mini da ita. Zan gane. Shekara huɗu tana jakata, ko Baffa ban taɓa ba wa aronta ba, yau ce rana ta farko da za ta kwana a wani hannu. Ina so ta dawo gidan nan a aljihunka.

Taka a yau, taka ranar Juma'a, taka har ranar da za a daina jin ƙarar babur a Daura,

Raihana Hafizu
'yar bakanike.